Babi na Huɗu: Majami'a a Tsakiyar Gonaki

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya kama hanyar Katsina, da zarar ya wuce kasuwar Dawanau sai ya soma zuba ido ko zai ga daji. Ba zai gani ba. Daga nan har Bichi, har Tsanyawa, gona ce ke bin gona, gida na hango gida, kuma duk itacen da ke tsaye, kuka ce ko ɗorawa ko gawo, yana da mai shi. Haka abin yake in hanyar Dambatta ka bi, ko ka ratsa ta Minjibir. Mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa, don haka ba a barin gona ta huta. Inda aka noma bara nan za a noma bana. Ba kuwa yau aka fara ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yalwar gonaki da cikar ƙauyukan da suka kewaye birnin. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Zariya da ta Bayero, ya yi shekaru yana bin tambaya guda: yaya ƙasa mai rairayi, wadda ke samun ruwan sama wata huɗu a shekara, take ciyar da wannan taron jama'a ba ta mutu ba?

Cikin wannan cunkoson aka turo ni aikin bishara, bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki. Ni tashin Wusasa ne, Hausa na sha a nono, don haka ban ɗauka akwai wani baƙunci da zan yi ba. Majami'ar da na tarar ginin ƙasa ce mai rufin kwano, bencinta ma na ƙasa ne da aka shafe da siminti, ƙararrawarta kuwa tsohuwar garmar mota ce a rataye jikin darbejiya. Gona ta zagaye ta ta fuska uku. A ta huɗu akwai 'yar hanya, sai rijiya, sai masallacin unguwa. In ladan ya yi tari kafin kiran Asuba, ina jinsa daga shimfiɗata.

Ban kwance kayana ba aka ce in sa hula mu tafi gaisuwa. Babban dattijon ikilisiya ne ya shige gaba, tsoho mai tsagar gado a fuska, wanda kowa ke kira Baba. Muka fara da mai unguwa. Ya tube takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga malamin da aka aiko mana. Mun kawo shi ka san da zamansa." Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Madalla. Malam, ka zo gida. Kana noma kuwa?" Ita ce tambayar farko da aka yi mini a garin, kafin a tambayi sunana. Daga nan sai gidan dagaci, sai zauren liman. A can ne na sha mamaki. Baba ya ce "Allah gafarta Malam" cikin ladabi, liman ya amsa, kafin in ankara sun shiga tsokanar juna, wannan na cewa wancan bawansa ne. Ashe taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Uwar liman ƙanwar uban Baba ce.

Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai fahimci komai game da ikilisiyoyin wannan yanki ba. Mutanen birni, Musulmi da Kirista duka, da yawansu in an ce coci a Kano, Sabon Gari suke tunawa, da baƙin da jirgin ƙasa ya fara kawowa bayan dogo ya iso a 1911. Masu sujada a nan kuwa Hausawa ne gaba da baya, jikokin Maguzawa, waɗanda suka riƙe addinin iyaye da kakanni shekaru aru-aru a ƙarƙashin sarakunan Musulunci. Su ne mutanen da Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya rubuta littafi a kan iskokinsu da tsafinsu, aka buga a 1946. Har yau za ka ji sunaye irin su Nomau da Ranau da Jatau a cikin littafin baftisma, gefe da gefe da Bitrus da Saratu. Gonakinsu gado ne, kaburburan kakanninsu na nan bayan gida. In akwai baƙo a majami'ar, to ni ne.

Yadda bishara ta iso musu ma sai da ta zagayo. Ayarin Bishop Tugwell, wanda Dokta Walter Miller ke ciki, ya shiga Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su juya, suka juya. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sai suka hana 'yan mishan shiga yawancin masarautun Musulmi, aka daɗe a haka. Ƙofar da ta buɗe ta magani ce. A 1937 ƙungiyar 'yan mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya, nan cikin ƙasar Ungogo, kamar yadda ta yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har gobe mutane ke zuwa daga Nijar. Aka kuma yi tashoshi da makarantu a wurare irin su Roni da Tofa. Mutum ya je jinya, ya yi shekara biyu ko uku, ya koyi karatun boko, ya komo ƙauye da Littafi a buhunsa. Tsofaffin da na tarar ba su cika tuna wa'azin wani Bature ba. Abin da suke tunawa shi ne wane ne ya wanke wa kawunsu gyambo. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, sannan tsakanin 1963 da 1965 Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadinsa na musuluntarwa. Sai gida ɗaya ya rabu uku: wa ya musulunta, ƙane ya shiga coci, tsohonsu ya ce shi dai a bar shi da abin da ya gada. Suka ci gaba da noma gandu ɗaya, domin babu wata gonar da za a koma.

To, mu koma ga tambayar mai unguwa. Ikilisiya tana da 'yar gona a bayan majami'a, wadda wani marigayi ya bayar don malamin da ke aiki ya riƙa ci. Da na fara zagaya ta na ga ƙasar ta yi fari fat, aka ce mini ƙuduji ya cinye dawar da aka shuka bara. Dalili a fili yake ga kowa sai ni. Malami ba ya daɗewa, ba ya kiwo, wanda ba ya kiwo kuwa ba shi da taki. A nan amsar tambayar Mortimore take. Duk damina awaki da tumaki na turke a cikin gida, ana yanko musu ciyawa, don in an sake su gonar maƙwabci za su shiga. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida, duk ana tarawa wuri guda. Da bazara ta kama sai jaki da mangala, ko amalanken shanu, a yi ta jigila ana jibge shi tsibi-tsibi a gona. Masu hali har sharar birni suke sayowa a tifa. Karan dawa ba a ƙona shi a banza, harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, dabbobi su ci da rani, su mayar da ita taki. Gawo kuwa ba a sare shi, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina ƙarfi. Babu abin da ke fita daga gona bai komo ba, in ban da hatsin da aka ci.

Dattawa suka zauna a kan gonar coci, suka yanke cewa kowane gida zai kawo mangala ɗaya. Mai riƙe da kuɗin ikilisiya ya rubuta a littafinsa, ƙarƙashin baiko. Na yi dariya a lokacin, shi bai yi ba. A wurin mutumin da gonarsa ba ta kai kadada ɗaya ba, mangalar taki dami ne na gero da ya cire daga bakin 'ya'yansa. Matata kuma Zumuntar Mata suka ba ta akuya kiwo, a kan sharaɗin da aka saba, in ta haihu a raba. Ranar da akuyar ta shigo gida na lura gaisuwar mutane ta canja. Da ana ce mini "Malam, ina baƙunta?" Yanzu sai "Malam, ina aiki?"

A makaranta an koya mana tsarin shekarar ikilisiya: Kirsimeti, Ista, taron farkawa, taron gunduma. A nan shekara tana da wani tsarin da ya riga wannan, kuma shi ne ke da iko. Ruwan shuka yakan sauka ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, wasu ma sun yi binne tun kafin ya zo. Ranar da ya sauka, ko ka buga garma har hannunka ya gaji babu mai zuwa addu'ar Laraba. Kowa na gona, mai sungumi na sara, mata da yara na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Sai noman firi, sai maimai, sai huɗa, kowanne da 'yan kwanakinsa, in ka makara ciyawa ta riga ka. Wanda ya sa taron kwana uku a tsakiyar noman firi, kansa ya yi wa taro. Cikin Agusta kuwa, lokacin da gona ta fi kyan gani, rumbu ya fi zama fanko. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro na kayar da yara. A watan nan faifan baiko kan dawo kusan yadda ya tafi. Malamin da ya zaɓi wannan lokaci ya yi wa'azi a kan masu hana zakka, ban ce ya yi ƙarya ba, amma bai leƙa tukunyar kowa ba. Da an fara gasa tumu a Satumba fuskoki suke sakewa.

Ranar Lahadi ma tana da abokin takara. Kasuwar Dambatta, wadda ta yi suna wajen shanu da awaki, ranar Lahadi take ci. Mutumin da ke son sayar da ɗan akuya ya biya kuɗin magani ba zai jira Litinin ba, don ranar Litinin babu kasuwa. Wasu malamai sun yi ta faɗa a kan wannan, har da dakatar da mutane daga Jibin Ubangiji. Dattawanmu kuwa tun kafin in zo sun warware matsalar ba tare da sun tambayi kowa ba. Sujada da sassafe ake fara ta, kafin hantsi ya dubi ludayi an tashi, mai kasuwa ya kama hanya. Na bar abin yadda na same shi, kuma ina ganin sun fi mu gaskiya.

Wa'azi kansa sai da ya sake kama a bakina. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Miller ya ja gaba, kuma tsofaffi da yawa shi kunnensu ya saba da shi, ko da yake an yi sabuwar fassara kusan shekara hamsin bayan haka. Matsalar ba ta harshe ba ce. Wata Lahadi na yi wa'azi a kan misalin mai shuka, na kawo duk abin da na karanta. Bayan an tashi, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ni wani abu ne ya dame ni. Wane irin manomi ne wannan da zai watsa iri har kan hanya? Ko ba shi ya sayi irin ba?" A nan ba a watsa gero. Rami ake sarawa, a ƙirga 'yan ƙwayoyi da yatsu, a rufe. Sai da na bayyana musu cewa a ƙasar Falasɗinu alkama da sha'ir watsa su ake yi. Suka gyaɗa kai, amma na ga har yanzu ba su yaba wa mutumin ba. Daga baya wata tsohuwa ta ce ita a ganinta ma'anar ke nan, mai irin ba ya rowa, har inda ba a sa rai yana zubawa. Ban taɓa karanta wannan a littafin sharhi ba. Tun daga nan, in nassi ya shafi gona ko tumaki ko bashi, nakan bi zaure ranar Juma'a da yamma in jefa maganar, in saurara. Rabin wa'azina na Lahadi daga bakinsu yake fitowa, sun kuma sani.

Kaka ita ce sallar ikilisiya ta gaskiya. Ranar godiyar kaka gaban majami'a kan cika da dammunan gero da dawa, kwaryar wake, gyaɗa, riɗi, kabewa, kaji a ɗaure. Ana shigowa gida-gida da waƙa. Daga cikin wannan ake cika rumbun malami, a ware na gwauraye da marayu, a sayar da saura a sayi kwano ko siminti. Albashin kuɗi ɗan kaɗan ne, kuma ba kullum yake zuwa kan kari ba. A farkon 2023, da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, cocin birni sun shiga ruɗu, suna rubuta lambar asusu a allo. Mu a nan ƙwai da tiyar gero aka riƙa sawa a faifai, kamar yadda iyayensu suka yi. Abin da ya taɓa mu sosai shi ne janye tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin fetur ya ninka kusan sau uku. Dalili kuwa, babur ɗina shi ne motar asibitin unguwa. Mai naƙuda da dare, yaron da maciji ya sara, tsohon da numfashi ya sarƙe, ƙofata ake bugawa, kuma ba a tambayar addinin mara lafiya, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wannan, da karanta wa mutane takardar likita, da cajin waya a 'yar solar majami'a, da rubuta takardar jinginar gona, sun fi wa'azi cin lokacina nesa ba kusa ba.

Da an gama girbi kuma sai majami'a ta rame. Samari sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Abuja ko Legas, wasu noman rani a bakin madatsar Watari ta Bagwai ko ta Tomas. Tsofaffi na cewa da can ba haka yawan tafiyar yake ba, lokacin da gyaɗa ke da daraja ana gina dala da buhunanta a Kano. Farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 su suka karya wannan kasuwa, tun daga nan rani ya zama na neman kuɗi a waje. Wata biyar ko shida, mata ne ikilisiya. Su ne mawaƙa, da tulunsu da cakinsu, su ne masu shara, su ne masu ziyarar marasa lafiya, adashinsu kuma shi ne bankin da ya fi kowane aminci. Matan nan sun gaji noma daga iyayensu Maguzawa, kowace da gayaunarta, abin da ta noma nata ne, miji ba ya taɓawa sai da izini. Tun da ba sa kulle, sukan kai wa maƙwabtansu matan Musulmi daddawa da ƙuli-ƙuli kasuwa su sayar musu, su sayo musu abin da suka aika. Labarin da bai kai zauren maza ba, ya riga ya zaga ta wannan hanya. Duk da haka in an zo zaɓen dattawan ikilisiya, maza ake zaɓa. Ina faɗin wannan ne don a ji, ba don na yarda da shi ba.

Zama da maƙwabta yana da ƙa'idojinsa, babu wanda ya rubuta su. In mawaƙa na koyon waƙa da yamma aka kira Magariba, sai su dakata har a idar. Ranar Kirsimeti ba ma yanka akuya da kanmu. Mahaucin unguwa ake kira, ko wani daga almajiran liman, ya yanka, domin tuwon da za a kai gidajen Musulmi ya ciwu ba tare da shakka ba. Da azumi ƙosai da kunun tsamiya na shigowa gidana kafin a sha ruwa, da Babbar Sallah kuma nama har sai mun soya mun ajiye. Alade kuwa ba a kiwonsa a unguwar, ba don wata doka ta coci ba. Baba ya ce rijiya ɗaya muke sha. In an yi rasuwa, mu ma ba ma kwana da gawa. Babu ɗakin ajiye gawa, ga zafi, ga dangin mamaci rabinsu Musulmi ne da ba za su gane dalilin jira ba. Samarin unguwa duka ke haƙa kabari. In namu ne, su tsaya gefe har mu gama addu'a, in nasu ne, mu tsaya gefe har su sallace shi, sannan a zauna zaman makoki a tabarma ɗaya. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma malamin da aka rasa ƙafarsa a gidan mutuwa ko suna, an gama karanta shi.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake ba shi labari. Inda ƙasa ta yi kaɗan, taƙi ɗaya na iyakar gona yana iya raba 'yan uwa shekara goma. Ana dasa gamba ko lalle a kan iyaka, amma garma takan ci kunya ɗaya bana, ta ci wata baɗi. In rikicin tsakanin Kirista biyu ne, gabana ake kawowa, ni kuma in kira tsofaffin da suka san inda kakanni suka tsaya, ko da Musulmi ne. In tsakanin Kirista da Musulmi ne, ba na sa baki ni kaɗai, wurin mai unguwa ake zuwa, don da zarar an ga malamin coci ya tsaya wa ɓangare ɗaya, maganar kunyar gero ta zama maganar addini. Akwai kuma ciwon da ya fi wannan zurfi. Yarinya ta tashi a coci, ta auri Musulmi ta bi shi, uwarta ta zo tana kuka. Neman izinin faɗaɗa gini yakan yi shekaru yana yawo. Matashi ya je neman takardar shaidar asalinsa, a dubi sunansa a ce ya kawo hujja cewa shi ɗan nan ne, alhali kakansa ne ya dasa tsamiyar da ake zama gindinta. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, irin waɗannan abubuwa sun ƙara sa mutanenmu taka-tsantsan. Duk lokacin da birni ya kama da wuta, kamar a Oktoban 1991 da Mayun 2004, tsofaffi sun ce ba a yi barci a unguwar ba, Musulmi da Kirista, kowa na tsoron baƙin fuska. Abin bai iso ba. Ba ko'ina aka yi wannan sa'ar ba.

Cikin gida ma akwai abin da har yau ban sami kwanciyar rai a kansa ba. Akwai wani dattijo da ba ya fashin sujada, shi ne kan fara kawo mangalarsa, amma a bencin baya yake zama kuma ba ya cin Jibi. Yana da mata biyu tun kafin ya ji bishara. Ƙa'idar da yawancin ikilisiyoyi suka gada daga 'yan mishan ita ce ba a yi wa mai mata biyu baftisma sai ya sallami ɗaya. Na taɓa zama da shi a kan maganar. Ya ce, "Ɗana, wacce zan kora? Wadda ta haifa mini shida, ko wadda ta yi jinyar uwata har ta rasu? In na kore ta, gonar wa za ta ci?" Ban da amsa, kuma ban ga wanda ya rubuta ƙa'idar yana da ita ba. Na bi doka, don ba ni na kafa ta ba. Amma a ganina mutumin da ya ƙi jefar da tsohuwa a titi don a ba shi gurasa, ya fahimci Littafin fiye da yadda muke zato.

Wani abu da na lura da shi tun shekarar farko shi ne mutane ba sa saurin sakin jiki da sabon malami, kuma suna da hujja. Sun ga da yawa. Wannan ya zo ya yi shekara ɗaya ya ce matarsa ba ta iya zaman ƙauye, wancan ya zo yana ƙirga kwanakin da za a mayar da shi birni. Ƙauye ya zama wurin da ake tura sabon da bai da uwa a gindin murhu, ko wanda ake son horarwa. Su kuwa suna auna mutum da damina. Wanda ya shuka tare da su, ya sha yunwar Agusta tare da su, ya ɗaure dami tare da su, shi ne za a fara gaya wa abin da ke cikin gida: bashin da ya hana barci, ɗan da ya tafi Legas ya daina waya, layar da har yanzu ke ƙarƙashin matashin kai. Kafin nan, gaisuwa ce kawai da "Allah ya saka, Malam."

Taki ma ba ya nuna ƙarfinsa duka a shekarar da aka zuba shi. Gonar cocin da na tarar fara fat, sai a damina ta uku ta ba da dawar kirki, bayan an yi ta zuba mata ana haɗa ta da wake. Malamin da aka ɗauke bayan shekara biyu ya yi wa wani wahala, wanda ya gaje shi kuma, in bai kiwo, cikin shekara biyu zai mayar da ita yadda take.

Don haka ina roƙon shugabanninmu na gunduma, da na kowace ɗarika da ke da ikilisiyoyi a wannan yanki, abu uku marasa tsada. Makarantun da ke horar da masu bishara su sa noma da kiwo cikin darasi, a hannun manomi, ba a allo ba. Wanda za a tura ƙauye a tura shi cikin Maris ko Afrilu, ya sami lokacin kai taki kafin ruwa ya sauka. In kuma za a ɗauke shi, a bar shi ya kai shekara biyar tukuna, kuma kada takardar canjin wuri ta same shi da gero a tsaye a gona.